Wai in na fitar da zakka shikenan na sauke amanar Allah?

Tambayar ɗan'uwanmu a taƙaice ita ce, duk ranar da aka yi wa'azi kan riƙon amana a ikilisiyarsu ƙarshen maganar zakka da baiko ne, shi kuma yana fitar da zakkarsa, wato kashi 10 na samunsa, duk wata ba fashi har da bashi a wuyansa, to shin ya sauke nauyi kenan, sauran kashi 90 ɗin nasa ne ya yi yadda ya ga dama? Sai ya ƙara da ta biyu, wai shekara da shekaru ba a taɓa karanta musu lissafin kuɗin ikilisiya ba, in ya tambaya ya yi zunubi?

Ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, kuma ka yi kyau da ka tambaya. Amsar ta farko a'a ce, ba ka sauke ba, ta biyun ma a'a ce, ba zunubi ba ne. Amma bari in yi maka bayani sosai don na daɗe ina koyar da Littafi Mai Tsarki, na kuma riƙe ma'ajin ikilisiya na wasu shekaru, kaga na ga maganar ta gefen littafi na kuma gan ta ta gefen akwatin baiko, kuma gefen akwatin ya fi koya min hankali gaskiya.

Mu fara da kalmar kanta. Abin da muke ce wa wakili ko mai riƙon amana, a Helenancin da aka rubuta Sabon Alkawari da shi sunansa oikonomos, wato mai tafiyar da harkokin gida. Sau da yawa bawa ne ma, ba ɗan gida ba, amma maigida ya danƙa masa makullan rumbu da na ajiya, shi ke raba wa sauran bayi abinci, shi ke karɓar bashi, shi ke biyan ma'aikata. Hotonsa mafi kyau Yusufu ne a gidan Fotifar a Farawa 39, an ce maigidan ya bar masa komai a hannu har bai san da wani abu ba sai abincin da yake ci. Duk wannan iko, amma ko tsinke a gidan ba na Yusufu ba ne, kuma ya san haka, shi ya sa da matar maigidan ta neme shi amsarsa ta fara da cewa maigidana ya sa komai a hannuna, bai hana ni komai ba sai ke. Mutumin da ya san iyakar abin da aka ba shi kenan. A Romawa 16:23 ma da Bulus ya ambaci Erastus ma'ajin birni, wannan kalmar ya yi amfani da ita. Mu a Hausa muna da kalma mai kyau da ta kusa kama ma'anar, tattali, ka tattala abu ka lallaɓa shi kada ya lalace, ya ƙaru in zai yiwu.

Toh a nan lissafinka ya karkace. Kai kana ganin kamar haɗin gwiwa kuke da Allah, shi kashi 10 kai kashi 90, in ka biya shi nasa ya ja gefe. Littafi bai taɓa cewa haka ba. Zabura 24:1 ta ce duniya da duk abin da ke cikinta na Ubangiji ne. A Littafin Firistoci 25:23 ya hana Isra'ilawa sayar da gona har abada, dalilin da ya bayar kuwa shi ne ƙasar tawa ce ku baƙi ne a wurina, shi ya sa duk shekara ta 50 gonaki suke komawa hannun iyalin da aka raba wa tun farko, wanda ya saya amfanin shekarun da suka rage kawai ya saya. In ka ce ai guminka ne, Maimaitawar Shari'a 8:17-18 ta riga ka, ta ce kada ka ce a ranka ƙarfina ne ya samo min wannan dukiya, ka tuna wa ya ba ka ƙarfin. Ni wanda ya fi taɓa ni shi ne Dawuda a 1 Tarihi 29:14, bayan shi da jama'a sun tara zinariya da azurfa jingim don ginin Haikali, maimakon ya bugi ƙirji sai ya ce wane ni, su wa jama'ata, ai daga abin da yake naka muka ba ka. Ɗari bisa ɗari nasa ne. Kashi 10 ɗin da ka kai ikilisiya ya bar hannunka, wasu ne za su amsa tambaya a kansa, kai wanda za a tambaye ka shi ne 90 ɗin da ya rage a aljihunka.

Kada wani ya ɗauka ina rushe zakka. Amma ya kamata ka san yadda take a Attaura don kada a riƙa juya ka da aya ɗaya. A Ƙidaya 18 an ba Lawiyawa ita saboda ba su da rabon ƙasa, su ma kuma sai sun fitar da ushirin abin da suka karɓa. A Maimaitawar Shari'a 14 akwai wadda mai ita da iyalinsa suke ci a gaban Ubangiji da murna, sannan duk shekara ta 3 a tara ta a cikin gari don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Malakai 3:10 da kowa ya haddace, wadda ta ce a kawo dukan zakka cikin ma'aji, tana magana ne a cikin wannan tsarin. Masu bi sun rabu a kan ko kashi 10 ɗin doka ce a kanmu yau, wasu sun ce Ibrahim ya ba firist Malkisadik ushiri tun kafin Shari'ar Musa don haka tana nan, wasu sun ce manzanni ba su taɓa ɗora ta a kan ikilisiya ba a wasiƙunsu, abin da Bulus ya ce shi ne kowa ya bayar yadda ya ƙudura a ransa, gwargwadon samunsa, ba da tilas ba. Ni a ganina ma'auni ne mai kyau na farawa, yana horar da hannu ya saba sakewa, ni ma ina yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da ita rasit ɗin wanke kai. Yesu ya gamu da mutanen da ke fitar da ushirin har ganyayen ƙamshi na lambu, a Matiyu 23:23, bai ce musu kun yi laifi da bayarwa ba, cewa ya yi kun bar manyan abubuwan, gaskiya da jinƙai da aminci.

Yanzu misalin talanti a Matiyu 25, wanda ake yawan karantawa a gurguje. Maigida zai yi tafiya ya ba wani 5, wani 2, wani 1, kowa gwargwadon iyawarsa. Mutane na jin tausayin mai guda 1 kamar an ba shi canji, alhali talanti 1 wajen dinari 6,000 ne, dinari kuma ladan lebura ne na yini guda kamar yadda ka gani a Matiyu 20, in ka buga lissafi kusan albashin shekara 20 kenan. Wanda aka ba mafi ƙanƙanta ma an ba shi abin da ba zai iya tarawa da kansa ba sai ya ƙare ƙuruciyarsa. Kuma ka lura ba ko ɗaya cikinsu da ya dawo da kashi 10 ya ce ga naka ranka ya daɗe sauran nawa ne, mai 5 ya kawo 10 cif, uwa da riba, don duka na maigida ne. Mai 2 ya kawo 4, kuma yabon da aka yi masa kalma da kalma irin na mai 5 ne, ba a rage masa ko harafi ba, wannan kaɗai ya isa ya kwantar wa mai ƙaramin albashi hankali.

Sai na ukun. Bai ci ba, bai sha giya da kuɗin ba, bai yi caca ba, binnewa ya yi, kuma a zamanin binne kuɗi a ƙasa ita ce hanyar da aka fi ɗauka amintacciya ta ajiya, shi ya sa ma Yesu ya yi wani misalin na dukiyar da aka ɓoye a gona. Wato a idon mutane ya yi abin da ya dace, ya dawo da kaya yadda aka ba shi ko ƙwarzane babu. Amma an kira shi mugun bawa malalaci. Ni dai duk lokacin da na zo wurin nan sai na tsaya, saboda yawancinmu da ke ganin kanmu masu tsoron Allah a nan muke, ba mu saci komai ba, ba mu kuma yi komai ba. Ka saurari dalilinsa, na san kai mutum ne mai tsanani, na ji tsoro. Mummunan zaton da yake wa maigidan ne ya daskarar da shi. Mutumin da yake ba da zakka don kada Allah ya aiko masa da cuta ko asara, da wannan bawan tunaninsu ɗaya ne, biyan kuɗin kariya yake yi, ya ɗauki Uba kamar mai karɓar haraji.

To me ke cikin 90 ɗin nan? Na farko mutanen gidanka. 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da nasa ba, musamman iyalinsa, ya musunci bangaskiya, ya fi marar bi muni, magana ce mai nauyi ƙwarai kuma ban cika jin ana karanta ta ranar wa'azin baiko ba. A Markus 7 Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da ya kamata in taimaki iyayena da shi ya zama Korban, wato na keɓe wa Allah, sai su bar tsofaffi da yunwa da sunan ibada, ya ce kun soke maganar Allah da al'adarku. Sai wanda ke maka aiki, Firistoci 19:13 ta ce kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, Yakubu 5:4 kuma ya ce ladan da kuka danne yana kuka. Na san mutumin da sunansa ke gaba a duk wani alkawarin gini amma direbansa na bin sa albashin wata uku, ka gaya min wace amana ya riƙe. Jikinka ma ajiya ne, 1 Korintiyawa 6 ta ce ku ba na kanku ba ne, saye aka yi, don haka mai ƙin barci da ƙin zuwa asibiti yana kashe kansa da aiki ba gwarzo ba ne, kayan wani yake lalatawa. Baiwar da kake da ita, 1 Bitrus 4:10 ta kira mu wakilan alherin Allah iri iri, in ka iya lissafi ko koyarwa ko gyaran inji ko ka iya zama kusa da mai makoki ka yi shiru yadda ya kamata, duk talanti ne, kuma ana binne su fiye da yadda ake binne kuɗi.

Har ƙasa da dabbobi. Aikin farko da aka ba Adamu a Farawa 2:15 shi ne ya nome gonar ya kuma kiyaye ta, abu biyu tare. Shari'a ta ce ƙasa ta huta a shekara ta 7, ta ce ko a yaƙi kada a sare itatuwa masu 'ya'ya, ta ce kada a ɗaure bakin sa yana sussuka, ta ce mai girbi ya bar gefen gona don matalauci da baƙo. Wannan na ƙarshen ka duba shi da kyau, bayan zakka ne fa, daga cikin 90 ɗin ne aka ce kada ka kwashe tas.

Maganar bashi da ka ambata. Ba zan ce maka ka daina bayarwa ba, tsakaninka da Ubangijinka ne, amma zan faɗa maka abin da na sani. Zabura 37:21 ta ce mugu ne ke cin bashi ya ƙi biya. Kuɗin da ranar biyansa ta yi ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi, na mai bin ka ne, in ka kai shi bagade ka bar mutumin yana ta kiran wayarka kana ƙin ɗauka, da kayan wani ka yi wa Allah kyauta. Kuma dan Allah kada ka ci bashi don ka yi baiko ko don wani ya ce ka shuka iri ka girbe ninki ɗari, 2 Korintiyawa 8:12 ta ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Zauna ka rubuta duk bashin, ka je wurin masu bin ka ku yi magana ku tsara yadda za ka biya, ka rage abin da za ka iya ragewa, ka ci gaba da bayar da abin da za ka iya da zuciya ɗaya. John Wesley na Ingila, wanda ya rasu a 1791, yana da wa'azi kan amfani da kuɗi da ya tsaya a kan abu uku, ka samu iyakar iyawarka, ka adana iyakar iyawarka, ka bayar iyakar iyawarka. Mutane na son na farkon su manta ya gindaya sharaɗi, samun kada ya cuci lafiyarka ko ranka ko maƙwabcinka, adanawar kuma nufinsa ka daina ɓarna da almubazzaranci, ba ka tara ka zauna a kai ba.

Nasan wani zai kawo gwauruwar nan mai anini biyu a Markus 12, ai ita duka ta bayar. Haka ne kuma Yesu ya yaba mata. Amma ka ɗan koma baya kaɗan, aya ta 40, yanzun nan ya gama la'antar malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna doguwar addu'a don a gani. Duk mai wa'azin da zai karanta maka aya ta 41 zuwa 44 ya tsallake ta 40 ka sa masa ido.

Wanda ya kawo mu tambayarka ta biyu, kuma nan ne nake da zafi. Amana ba hanya ɗaya take bi ba. Titus 1:7 ta kira mai kula da ikilisiya wakilin Allah, da kalmar nan oikonomos, 1 Korintiyawa 4:2 kuma ta ce abin da ake nema ga wakili a same shi da aminci. A same shi, wato akwai dubawa. Ka duba Bulus da kansa lokacin da yake tara gudummawa don matalautan Urushalima, manzo ne guda, in akwai wanda zai ce ku yarda da ni kawai shi ne, amma a 1 Korintiyawa 16 ya ce ku zaɓi mutanen da kuka amince da su su kai kuɗin, a 2 Korintiyawa 8 kuma ya aiki Titus tare da 'yan'uwa biyu, ɗaya ikilisiyoyi ne da kansu suka zaɓe shi, ya kuma faɗi dalili a fili, kada kowa ya sami abin zargi a kanmu, muna so mu yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Ezra sura 8 ma haka, da za su taso daga Babila ya auna azurfa da zinariya ya danƙa wa firistoci 12 da 'yan'uwansu, da suka isa Urushalima aka sake aunawa aka rubuta nauyin komai. A 2 Sarakuna 12 kuɗin gyaran Haikali ya yi shekaru yana shiga hannun firistoci ba a ga gyara ba har shekara ta 23 ta sarautar Yowash, sai firist Yehoyada ya kawo akwati ya huda murfinsa, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare. A wannan surar dai an ce ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikata ba don amintattu ne, wasu na fakewa da ayar, amma ka ga ai sai da aka ƙirga kuɗin a gaban mutum biyu kafin ya kai hannunsu. Kuma cikin almajirai 12 wanda ya riƙe jaka shi kaɗai, wato Yahuza, Yahaya 12:6 ta gaya mana sata yake yi daga cikinta.

Ni lokacin da nake ma'aji na taɓa ƙirga baiko ni kaɗai wata Lahadi don abokin ƙirgata ya yi sauri, na rubuta adadi, washegari a banki aka samu ya gaza. Har yau ina ganin kuskuren ƙirga ne, amma wa zai shaide ni? Na cika daga aljihuna na kuma faɗa wa dattawa, tun daga ranar ban sake taɓa kuɗin ikilisiya ba sai da mutum na biyu da sa hannunsa. Tsarin nan mai gaskiya yake karewa kafin kowa. Wanda kuwa da an ce a kawo lissafi sai ya hau faɗa yana kada ku taɓa shafaffe na Ubangiji, toh mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ban ce shugabanninku sun ci kuɗi ba, ban san su ba, sau da yawa sakaci ne kawai ko ba wanda ya iya rubuta lissafin, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda za ka tambaya shi ne muhimmi. Kada ka fara da tsegumi a bayan majami'a ko rubutu a WhatsApp, wannan sai ya mai da gaskiyarka rigima. Nemi tsarin mulkin ikilisiyarku ka karanta, yawancin ɗariƙu sun rubuta sau nawa za a ba da rahoton kuɗi da wanda zai duba shi. Je wurin dattijo ɗaya ko fasto cikin ladabi ka ce Baba ina so in fahimci yadda ake tafiyar da baikonmu, in ba a yi komai ba ka kawo shi a taron membobi a matsayin shawara, a riƙa ƙirga da mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, a rubuta a sa hannu nan take, kuɗi ya shiga asusun ikilisiya ba na wani mutum ba, cirewa sai da hannu biyu, a karanta rahoto aƙalla sau ɗaya a shekara, wani da ba ya cikin masu riƙe kuɗin ya duba takardun. In kana da ilimin akanta ka ce za ka taimaka kyauta, sau da yawa wannan ne ke buɗe ƙofar da zargi ba zai buɗe ba.

Amma wanzami ba ya son jarfa, kafin ka je neman lissafin wasu ka gwada naka. Ɗauki takarda ka rubuta inda kuɗin watan jiya ya tafi, duka, har da na data da ƙananan abubuwan da ba ka ƙirgawa, a gefe kuma ka rubuta inda awannin sati guda suka tafi. Karon farko da na yi nawa na tarar abin da na kashe a kan waya ya fi abin da na aika wa mahaifiyata a watan.